Yadda muke muhawarar tattalin arziki a majalisarmu ba tare da an tashi baram-baram ba

Shekara 35 na yi ina koyar da darasin tattalin arziki a makarantun sakandare a Kano kafin na yi ritaya, kuma kusan duk inda aka kai ni, ni ake danƙa wa ƙungiyar muhawara ta ɗalibai. Yanzu ajina ya koma benci biyu da tabarma a ƙofar shagon wani tela a layinmu, bayan sallar isha'i. In an cika mu goma sha ɗaya ne. Akwai Alhaji mai sayar da hatsi a Dawanau, akwai ɗan adaidaita sahu, akwai ma'aikacin gwamnati, akwai manomin shinkafa mai gona a wajen Kura, sai samari biyu da suka gama jami'a suna jiran aiki. Tun daga watan Mayun 2023 hirarmu ba ta wuce tsadar rayuwa da matakan da gwamnati ta ce tana ɗauka don ta da komaɗar tattalin arzikin ƙasa.

Da farko musu muke yi, ba muhawara ba. Kowa ya zo da zafinsa daga kasuwa, a yi ta ɗaga murya har mai shayi ya kwashe kayansa. Akwai lokacin da mutum biyu da suka shekara ashirin suna zumunci suka yi wata guda ba sa gaisawa saboda maganar farashin mai. Abin ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ke kan bencin nan wahalar gaske yake sha, kuma in muka ɓata da juna babu kwabon da zai ragu a kuɗin lita. Sai na roƙi jama'a su bar ni in kawo tsarin da nake bi da ɗalibai, muka yi ta gyara shi har ya dace da zaman manya. Shi ne zan shimfiɗa a nan ga duk mai majalisa irin tamu, ko malamin da zai shirya yara, ko maigidan da ke fafatawa da 'ya'yansa a kan tabarma.

Kafin kowa ya buɗe baki, ku ware magana guda ɗaya. "Gwamnatin nan ta kashe talaka" kuka ne, kuma ba a ja da mai kuka. "Sai an sha wuya akan sha daɗi" lallashi ne, shi ma babu inda za a kama shi. Maganar da za ta ɗauki muhawara ita ce mai mataki guda, da ranar da aka ɗauke shi, da abin da aka ce zai haifar. A ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na gwamnati yake wajen naira 190 ta haura 500. Mataki ɗaya ke nan. A ranar 14 ga Yuni, kwana 16 kacal tsakani, Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin dala daban-daban da ake amfani da su a hukumance ya zama ɗaya, ya bar kasuwa ta tsayar da shi. Dalar da ake samu a hukumance wajen naira 460 ta koma kusan 750, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Wannan mataki na biyu ne, daban da na farko, ko da yake a aljihun mutane tare suka sauka.

Ga dalilin da ya sa na nace a raba su. A lokacin kusan duk fetur ɗin da muke sha daga waje ake sayo shi da dala, domin matatun gwamnati na Kaduna da Warri da Fatakwal ba sa aiki, matatar Ɗangote kuma sai a Satumbar 2024 ta fara fitar da fetur kasuwa. Saboda haka duk sanda naira ta faɗi, kuɗin sayo litar ya ƙaru. Ɗan adaidaitanmu yakan ce, "Malam, cire tallafi ne ya kai lita dubu." Ni kuma in ce masa, "Ƙanina, rabin labarin ka faɗa." Da aka raba maganar sai muka gane ashe ba ɓangare biyu ne a majalisar ba. Akwai masu goyon bayan duka, akwai masu ƙin duka, akwai wanda ya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya, akwai kuma masu cewa matakan suna da dalili amma haɗa su cikin mako uku shi ne ɓarnar. Ni cikin na ƙarshen nake, kuma ba na ɓoye wa kowa. Tallafin nan yadda ake tafiyar da shi ba mai ɗorewa ba ne, amma a ɗora wa mutum kaya biyu a ka kafin a nema masa gammo, a wurina cutarwa ce ko da niyyar gyara aka yi. Mai jagorantar zama ya faɗi matsayinsa tun farko. In ya ɓoye, za a gano shi a yadda yake raba lokaci, daga nan kuma amana ta tafi.

Bayan an ware batu, kada a taɓa maganar magani sai an yarda da ciwon. Nan ne masu adawa da gyaran suka fi son tsallakewa, don haka nakan karanta musu abin da ba a musu a kansa. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ce ya kashe sama da naira tiriliyan 4 a kan tallafin fetur a 2022. Wani kaso na man nan mai araha ba a Najeriya ake shan sa ba. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Maigatari a shekarun nan ya ga jarkoki. Dala tana da farashi biyu, mai hanya ya karɓa a kan 460 ya sayar a kasuwar bayan fage a kan 750, bai noma ba, bai ƙera ba. Gwamnati ta ci bashin Babban Banki har naira tiriliyan 22.7, wanda a zahiri buga kuɗi ne, kuma hauhawar farashi ta riga ta kai kashi 22 cikin ɗari tun kafin a cire tallafin. Tattalin arzikin ƙasa ya karye a 2016, ya sake karyewa a 2020, a shekarun da aka ce ya bunƙasa ma da ƙyar yake tsere wa ƙaruwar jama'a. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Kuma manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, dukansu sun ce za su cire tallafin. Wanda ya ce "ai da lafiya muke", a gaya masa cikin ladabi cewa sauƙi muke samu a gidan mai, amma lafiya kam ba mu da ita. Sannan a juya ga mai goyon baya a tuna masa cewa tsananin ciwo ba ya halatta kowane irin magani, garin neman gira akan rasa ido.

Maganar alƙaluma dokarmu guda ce: wanda ya kawo lamba ya faɗi inda ya samo ta da watan da take magana a kai. Saƙon murya na WhatsApp ba hujja ba ne, haka bidiyon Facebook da ba a san ranar da aka ɗauke shi ba. Muna karɓar abin da ya fito daga Hukumar Ƙididdiga ko Babban Banki ko jaridar da aka sani, da abin da ɗayanmu ya saya ko ya sayar da hannunsa a makon. Samarin nan biyu ke dubawa a waya. In ba a samu ba, a ajiye lambar gefe a ci gaba.

Amma tiriliyan ba ta zama a kan mutum, don haka ku mayar da kowace lamba lita da kwano. Ga yadda muka yi da mafi ƙarancin albashi. Na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, a farashin 190, yana sayen lita kusan 158. Na 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, da lita ta haura 1,000 a watan Oktoba na shekarar, bai wuce lita 70 ba. Albashi ya ninka har da ɗori, man da yake saye ya ragu da fiye da rabi. Ma'aikacinmu ya ce, "Shi ke nan, Malam, magana ta ƙare." Sai ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, a ba ni izini in auna da dala." Ya ce in an bi farashin gwamnati na 460, tsohon albashin dala 65 ne, sabon kuwa a kan 1,500 bai cika 47 ba. To amma wa ya taɓa samun dala a 460 a cikinmu? A farashin 'yan canjin Wapa na 750 tsohon albashin dala 40 ne kacal, ka ga ke nan sabon ya ɗan ɗara shi. Na ji daɗin yaron nan ƙwarai a daren, domin ya nuna wa kowa cewa in aka sauya mudu amsa ma takan sauya. Ku daidaita a kan ma'auni tun kafin a yi lissafi, ba sai an ga wanda lissafin zai ba gaskiya ba. Alhaji kuma ya tuna mana cewa mafi yawan mutanen garin nan ba su da albashi ko kaɗan. Tela da ɗan dako da mai ƙosai babu dokar da ta ƙara musu komai.

Babu maganar da ta kai "hauhawar farashi ta sauka" haddasa faɗa. Mai goyon bayan gwamnati ya ji a rediyo ya zo da murna, mai cefane ya ce ƙarya ce, jiya ya je kasuwar Singa. Sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Hauhawa saurin tashin farashi take aunawa, ba farashin kansa ba. A ce kwanon gero yana naira 1,000, ya tashi da kashi 34 ya zama 1,340. In baɗi hauhawar ta sauko zuwa kashi 20, kwanon 1,608 zai zama, ba 1,000 zai koma ba. Motar ta rage gudu ne, amma gaba take yi. Sannan a lura da abin da ya faru a farkon 2025. A Disambar 2024 adadin kashi 34.80 ne, a Janairu aka ce 24.48. Ba kaya ne suka karye cikin wata guda ba, hukumar ce ta sabunta jerin kayan da take aunawa, ta kuma mayar da shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Sabuntawar ba maguɗi ba ce, kowace ƙasa tana yi, sai dai bai halatta a jera lambar Disamba da ta Janairu kamar da kwano ɗaya aka auna su ba.

Tambayar da na fi ba lokaci ita ce wa ya biya, wa ya samu. Babu gyaran tattalin arzikin da ba ya zare kuɗi daga wani aljihu ya zuba a wani. A nan ne majalisa mai sana'o'i iri-iri ta fi ajin makaranta amfani, domin masu aljihun suna zaune a gabanka. Ɗauki shinkafa. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, manominmu na Kura ya ce bai taɓa ganin shanshera ta yi daraja haka ba. Tela mai 'ya'ya tara kuwa ya ce a lokacin ne shinkafa ta fara zama abincin Juma'a a gidansa. A Yulin 2024 gwamnati ta juya, ta sanar da damar kwana 150 ta shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, babu kuɗin fito. Da farashin hatsi ya sauko a 2025, tela ya yi hamdala, manomi kuma ya zo da lissafinsa na taki da man injin ban ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago. Ya ce abin da ya sayar bai mayar masa da abin da ya zuba ba, kuma in haka ta ci gaba baɗi zai rage gona. Babu maƙaryaci a cikinsu. Aikin mai jagoranci a irin wannan wuri shi ne ya hana a zaɓi gwani tsakanin su biyun, ya sauya tambayar: ta wace hanya kuɗin noma zai sauko, yadda kwano zai yi araha ba tare da manomi ya karye ba? Daren da muka yi wannan tambaya mun kai ƙarfe sha biyun dare muna maganar taki, da yashe hanyoyin ruwa na Kadawa, da rashin tsaron da ya hana mutanen Zamfara da Katsina da yawa zuwa gonakinsu. Ba wanda ya ɗaga murya.

Sai a bi sawun kuɗin. In an daina biyan tallafi, kuma kowace dalar ɗanyen mai ta zama naira mai yawa, ina rarar ta nufa? Kaso mai tsoka yana bi ta asusun tarayya da ake rabawa duk wata tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Kafin Yunin 2023 abin da ake rabawa a wata yawanci bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. Daga baya ya haura ɗaya, a wasu watannin 2025 ya wuce biyu. Ana buga rabon kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma. Ku sa a nemo naku, a karanta a gaban kowa, ku tambayi kanku me kuka gani a asibitin unguwa da makarantar firamare da famfon layi. A yi wa gwamnoni adalci a tuna cewa nairar yau ba ta kai ta jiya ƙarfi ba, ninkuwar rabo ba ta nufin ninkuwar siminti da magani. Duk da haka muhawarar da ta tsaya a kan Abuja kaɗai ta bar shugabannin da suka fi kusa da mu ba a tambaye su komai ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko hukuncin ya iso sakatariyar ƙaramar hukumarku, wannan tambaya ce da ta isa dare guda ita kaɗai.

Tarihi yana da amfani in ba a mayar da shi sandar dukan abokin magana ba. Na fara koyarwa a 1985, shekarar da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki, ya buɗe wa 'yan ƙasa muhawara kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Ban taɓa ganin ƙasa ta yi magana irin ta lokacin ba: jaridu, rediyo, jami'o'i, ƙungiyoyin ƙwadago, har ɗakin malamai na makarantarmu. Mafi rinjaye suka ce ba a so. A Disambar 1985 gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba, muka yi murna. A tsakiyar 1986 aka ƙaddamar da shirin gyaran tsarin tattalin arziki da ake kira SAP, a Satumba aka buɗe gwanjon kuɗin waje, dalar da ba ta kai naira 2 ba ta haura 4, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona irin na gyaɗa da auduga. Yawancin sharuɗɗan da muka ƙi bashin saboda su sun zo, bashin IMF ɗin ne bai zo ba. A 1989 aka yi tarzomar SAP. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin mun ci muhawara a kan tambayar da ba ita ce tambayar ba. Mun yi ta faɗa kan "a karɓa ko kada a karɓa", ba mu tsaya mun tambayi me za a yi da darajar naira ba, ko yaya masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da ke sayo kayan gyara da dala za su rayu. Shi ya sa a majalisarmu in wani ya ce "ai umarnin IMF ne", ko wani ya ce "ai Bankin Duniya ya yaba", nakan ce to mun ji, yanzu a dawo kan matakin kansa.

A maganar mai, misali biyu sun ishe ku. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara kuɗin lita zuwa naira 11, ta kafa asusun PTF don yin ayyuka da rarar kuɗin man, wanda Janar Buhari ya shugabanta. An soki yadda aka raba ayyukansa, amma mutane sun ga tambarinsa a kan tituna da magungunan asibiti da littattafan makaranta, kuma har gobe da shi ake misali. A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga, aka dawo 97. Da dama cikin waɗanda suka yaƙi cirewar a 2012 su ne suka kare ta a 2023, wasu da suka kare ta a da kuma suka koma suka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da muka hana kawo sunan jam'iyya a matsayin hujja. Abin da muke ɗauka daga misalan biyu tambaya ce: me mutane za su gani da idonsu a madadin abin da aka karɓe musu, kuma yaushe?

Tsarin zaman kansa ba shi da wuya. Ƙarami ke fara magana, babba ya rufe. A al'adarmu in dattijo ya riga ya yanke, yaro mai tarbiyya ba zai ja ba, sai ya haɗiye abin da ya sani, alhali sau da yawa shi ne ya karanta takardar. Kowa minti uku, agogon bangon tela ne alƙali, kuma ba a katse mai magana. Ba a kiran ƙabila ko addini ko yankin wani shugaba. Wanda ya zo da ɓacin rai daga gida a bar shi ya amayar da abin da ke ransa, a miƙa masa shayi, kada a lissafa wannan cikin muhawara. Mutumin da aka koro masa 'ya daga makaranta yau saboda kuɗin zango, ba daren nuna masa kashi cikin ɗari ba ne.

Sharaɗin da ya fi wahala, kuma ya fi gyara mana zama, shi ne kafin ka rushe maganar wani sai ka maimaita ta da bakinka har ya ce "haka nake nufi". In ya ce ba haka ba ne, ka sake. Ranar da Alhaji ya maimaita hujjar ɗan adaidaita, cewa bayan ya sha mai ya ba mai keke balas ɗinsa abin da ke saura ba ya yin cefane, ga shi fasinja sun koma takawa a ƙasa, sai da ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, ban taɓa lissafa shi haka ba." Bai sauya ra'ayinsa kan tallafi ba, amma daga ranar bai ƙara cewa masu kuka ragwaye ne ba.

In batun doka ne, a karanta dokar. Lokacin da aka kai ƙudurorin gyaran haraji Majalisar Tarayya a Oktoban 2024, gari ya ɗauka cewa an zo a kwashe rabon Arewa a kai Legas. Tsoron yana da tushe. Ƙudurin farko ya so a riƙa ɗaga harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, daki-daki, ya kuma so a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda aka samo harajin a maimakon kashi 20 na da, kuma gwamnonin Arewa sun ƙi shi a taronsu na Kaduna. Mun yi dare biyu a kan 'yan kalmomi uku: "inda aka samo" yana nufin inda hedikwatar kamfani take, ko inda aka sayi kayan aka yi amfani da su? Katin wayar da aka saya a Kurna, harajinsa na Kano ne ko na Legas? Dokokin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun bar VAT a kashi 7.5, sun ce rabin kason jihohi a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan, sun kuma ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Wanda ya ci gaba da faɗa da ƙudurin Oktoba bayan watan Yuni yana dambe ne da abokin karawar da ya riga ya bar fili. A sa samari su duba ko takardar da ake magana a kanta ita ce ta ƙarshe.

Kada ku tashi ba a yi tambayar "to me za a yi?" ba. Mai cewa a dawo da tallafi ya faɗi inda za a samo kuɗin, bashi ne ko ƙarin haraji ko rage wani aiki, kuma ya ambaci aikin. Mai cewa masu mulki su rage abin da suke kashe wa kansu, ina tare da shi ɗari bisa ɗari, domin ba a ce wa mutane su ɗaure ciki suna kallon jerin gwanon motoci. Amma ya yi lissafi ya ga ko abin da za a rage zai kai tiriliyoyin da ake magana. Mai cewa a yi haƙuri gyara na tafe, shi kuma ya faɗi haƙurin na wata nawa ne, da abin da zai riƙe marasa ƙarfi kafin lokacin. An yi alkawarin naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, an yi alkawarin motoci masu amfani da iskar gas. A tambayi na kan benci wa ya samu, wa ya san wanda ya samu. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.5 zuwa 27.5 tsakanin Mayun 2023 da Nuwambar 2024 don ya daƙile hauhawa. Mai kare wannan mataki ya gaya wa mai ƙaramar masana'anta a Dakata yadda zai ci bashi ya ɗauki sababbin ma'aikata.

Sai littafi. Na sayi littafin rubutu mai kaurin bango irin na 'yan kasuwa, yana ajiye a durowar tela. Duk ranar 1 ga wata Alhaji ya faɗi farashin kwanon masara da gero da wake da shinkafa 'yar gida, ɗan adaidaita ya faɗi na lita da kuɗin mota daga Bata zuwa unguwarmu, manomi ya faɗi na buhun taki, samari su duba dala, ni in rubuta. A bayan littafin kowa yana da shafinsa. Duk wanda ya kafe kan wani ra'ayi sai ya faɗi abu biyu a rubuta da kwanan wata: me yake sa ran zai faru nan da wata shida, kuma me zai gani ya yarda ya yi kuskure. Wanda ya ce babu abin da zai gani ya sauya, a girmama shi, amma a gaya masa ya bar muhawara ya koma aƙida. Rubutun yana rage cika baki. Mutum yakan ce "ƙasar nan ta gama rushewa" ko "an kusa shan jar miya" ba tare da ya tsaya ba, amma in aka ce faɗi farashin da kake tsammanin masara za ta kai bayan kaka, sai ka ga ya nutsu yana lissafi da yatsu.

A shafina na rubuta cewa muddin kuɗin da ke shiga jihohi bai fara bayyana a asibitin unguwa da ajin firamare da kuɗin mota ba, zan ci gaba da cewa talaka ya biya kuɗin kayan da bai karɓa ba. Na kuma rubuta cewa in damina biyu suka wuce kwano bai tashi ba, manominmu bai rage gona ba, kuma ko ɗaya daga cikin samarin nan ya samu aiki a masana'anta a cikin garin nan, zan miƙe tsaye a gaban kowa in ce na yi gaggawar yanke hukunci. Muna buɗe shafukan sau biyu a shekara, bayan kaka, da kuma tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa hatsi ya fi tsada. Mai shafi ba ya karanta nasa. Wanda suka fi ja da shi ne ke karantawa da ƙarfi, shi kuma ya amsa a tsaye. Nawa Alhaji ne zai karanta.